Shekarar da Na Kai Daddawa Coci

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa uwarku ce aka taɓa kora daga coci saboda wari. Kirsimetin da ya wuce na ji 'yar'uwarku Rifkatu tana ba jikokina labarin, har da ƙarin wai fasto ya suma. To, ba wanda ya suma, ba kuma wanda ya kore ni. Da ƙafafuna na fita, kwandona a kai. Tun da Allah ya ja kwanana, ya kuma sa na iya riƙe alƙalami, ko da yake sai da na haifi huɗu a cikinku na san baƙi, bari in rubuta abin yadda ya faru, kada in mutu ku binne ni da ƙarin gishirin Rifkatu.

Lokacin Turawa ba su daɗe da naɗe tutarsu ba. Muna zaune a 'yar unguwarmu can bayan Gazara, rabinmu sun karɓi bishara, rabi suna nan kan al'adar kakanni, Musulmi kuma suna cikin gari. Ubanku Nomau ya riga ni karɓa da shekara uku, shi ne ma mai buga ƙarfen sujada, wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin ɗorawar da ke gaban coci. Ni kuwa giya nake dafawa, kuma duk ƙauyukan da ke kewaye ba wanda bai san tukunyata ba. Ranar da na ce na bi Yesu ban farfasa tukwanen ba kamar yadda wasu mata suka yi, don ban ga laifin da tukunya ta yi ba. Na wanke su da toka, na koma sana'ar uwata, wato daddawa.

Ku da kuke ɓare ɗan dunƙule daga takarda ku jefa a miya ba ku san wahalar daddawa ba. Ranar Laraba ake ɗora kalwa a wuta, ta yini ta kwana tana tafasa. Alhamis a kai ta rafi, a zuba yashi, a tattake ta da ƙafa har ɓawon ya fita, a wanke, a dawo gida a sake dafawa da 'yar kanwa, a juye a kwando, a rufe da ganye da tsumma. Sai a bar ta kwana uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. In kin buɗe da wuri ba ta nuna ba, in kin makara ta yi yauƙi da ɗaci, ko kyauta ba mai karɓa. Yanzu ku ƙirga da yatsunku: daga Alhamis, kwana uku, Lahadi da safe ke nan. Ranar ake kirɓawa, a mulmula, a danna da tafin hannu, a shanya, don Litinin kasuwarmu ke ci. Haka uwata ta yi, haka uwar uwata ta yi, haka duk matan gidanmu suke yi. Kuma Alhamis ɗin nan ta rafi ba aiki ne kawai ba. Ranar ce muke haɗuwa mu 'yan gida ɗaya, yayata Kande ce shugaba, mu ɗaure zane a ƙirji, mu dafa kafaɗun juna, mu tattake ta wannan mu koma ta waccan, ana waƙa, ana cin naman mazajenmu. Duk labarin da bai zo rafi ranar Alhamis ba, to bai faru ba.

Mai bisharar da aka aiko mana sunansa Malam Ishaya, dogo siriri, da kekensa marar birki, da tafin ƙafa yake tsayar da shi. Shi ke koya mana karatu ranar Juma'a da la'asar, kuma wannan ban taɓa fashi ba, don ranar daddawa tana rufe tana barcinta. Amma ya kafa doka cewa duk mai son baftisma sai ya zauna sujadar Lahadi tun daga bugun ƙarfe har addu'ar tashi, don sau ɗaya a shekara fasto yake zuwa daga Zariya, bayan an gama girbi, ya yi wa mutane tambayoyi, ya kai su rafi. Shekarar farko fasto ya zo ya tafi, ba a ko kira sunana ba. Alhamis ɗin da ta biyo, muna cikin tattaka, Kande ta dube ni a gaban kowa.

"Tani, wai har yanzu ba su tsoma ki a ruwan ba? Tsohuwa Dije da ba ta ji ba ta gani sun tsoma ta. Kin bar giya, kin bar hanyar ubanki, ga shi su ma mutanen littafin sun ƙi ki. Ki dawo mana, masu sha suna ta tambaya."

Na yi dariya tare da su, amma maganar ta soke ni. Don gaskiya ta faɗa. Na fita daga can, ban shiga nan ba. Ranar na rantse a raina cewa baɗi sai an tsoma ni, ko da ni zan ɗauko faston a baya daga Zariya.

Dabarar da na fara ita ce, na jawo turmina daga tsakar gida na kai shi jikin danga, don gidanmu da coci taku kaɗan ne. Ina kirɓi ina bin waƙa, in na ji Malam ya yi shiru in ɗaga murya in ce Amin ta saman danga. Na yi haka Lahadi uku ina jin daɗin kaina. Ran Litinin ta uku da sassafe, ina ɗaura kaya, sai ga keke ya shigo, ƙafa tana jan ƙasa.

"Sannu da aiki, Tani."

"Yauwa Malam, sannu da zuwa. Ina gajiyar jiya?"

"Gajiya tana nan. Akwai waƙar da ake yi a hankali, amma taɓaryarki ta kwashe mu da gudu, har tsofaffi suka zauna suna haki. Amin ɗinki kuma ta iso ne ina cikin sanarwar akuyar da ta ɓata."

"Malam, ba kai ka koya mana Allah yana ko'ina ba? To yana bakin turmina."

"Shi ne yake ko'ina, Tani, ba ke ba."

Muka yi ta ja da shi har damina ta wuce, wata Lahadi in leƙa in zauna kaɗan in zame, wata in aika da gaisuwa. Da aka kai amfanin gona gida, ya zo ya ce mini fasto zai zo Lahadi mai zuwa. Ya ce karatuna ya yi kyau, ba zai ɓoye ba, saboda haka in na zauna ranar daga farko har ƙarshe, na amsa tambayoyi, zai gabatar da ni. Na ɗaga hannu na yi alkawari. Na kuma yi niyya har zuciyata cewa wannan makon ba zan ɗora kalwa ba. Amma Laraba ta waye, na tashi, ban san lokacin da na hura wuta ba, sai dai na ga tukunya a kan murhu. Kalwar shekarar ta yi kyau, manya manya. Na ce a raina, tun da an riga an ɗora, sauke ta ɓarna ce, ɓarna kuwa zunubi ce. Kun ga yadda mutum yake yi wa kansa wa'azi in yana son abu.

Ranar Lahadi na tashi tun asuba na kirɓe ta tas kafin ubanku ya buga ƙarfe. Saura mulmula. Na zuba ta a ƙwarya, na sa a kwando, na ɗora faifai, na rufe da zane, na riga kowa shiga, na zauna can kusurwar baya a sashen mata, kwandon tsakanin ƙafafuna, na baza babban mayafina har ƙasa. Lissafina shi ne, fuskata tana wajen fasto, kunnena yana wajen fasto, hannuna kawai ke ƙarƙashin mayafi, ban da Allah ba mai gani, shi kuma na ɗauka zai gane. Abu ɗaya na manta. Wanda ya daɗe yana aikin daddawa hancinsa ya mutu. Ni ba na jin komai.

Cocinmu a lokacin ginin ƙasa ne, jinkar ciyawa, tagogi biyu kamar idon kaza, ranar kuma ya cika har ƙofa, don an zo daga ƙauyuka. Fasto gajere ne mai tabarau, ya sha farar riga. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, ya tashi ya fara wa'azi, rana ta fara dukan jinka, ni kuma na buɗe ƙwarya a hankali na fara aiki. Na ga matar da ke kusa da ni ta matsa. Na ce a raina, ta kyauta, ta ba ni fili. Ta gabanta ma ta matsa. Ƙudaje suka fara shigowa ta taga ɗaya ba sa fita ta ɗayar. Fasto ya ciro hankici ya goge fuska, ya ci gaba, ya sake tsayawa, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Malam Ishaya, ina jin wani abu ya mutu a jinkar nan."

Ku sani, duk wanda ke cikin ɗakin nan ya san warin, har jarirai. Amma wa zai buɗe baki a gaban baƙo ya ce matar mai buga ƙarfe ce? Kowa ya ɗaga kai yana duban jinka da gaske, kamar ana neman wata. Malam Ishaya ya dubi ƙasa. Sai ubanku ya miƙe.

"Ɓera ne, Baba Fasto. Sukan mutu a ciki. Bari in duba."

Kun san ubanku da tsoron bisa. Mutumin da ko rumbu ni nake hawa in miƙo masa dawa. Ga shi ya taka kafaɗar wani, ya hau kan katanga, ya kama sandar jinka da hannu ɗaya, yana cusa ɗayan cikin ciyawa yana neman ɓeran da ya san babu. Tsohuwar ciyawa da kashin jemage suka riƙa zubowa a kan farar rigar fasto. Ya juyo sau ɗaya, muka haɗa ido, ya kau da kai ya ci gaba da nema. Wannan ne na kasa ɗauka. Na miƙe, mayafin ya zame, hannuwana biyu baƙi ƙirin har wuyan hannu.

"Ku sauko mini da miji kafin ya karye. Ba ɓera ba ne, ni ce."

Fasto ya cire tabarau, ya busa, ya mayar, ya dubi kwandon, ya dube ni.

"Ke ce Tani, mai neman baftisma?"

"Ni ce, Baba."

"To ga tambayarki. Me na faɗa tun da na tashi?"

"Ka ce wani abu ya mutu a jinka."

Maza suka sunkuyar da kai, kafaɗu suna girgiza.

"Kafin wannan fa?"

Na buɗe baki, na laluba cikin kaina, ba ko kalma ɗaya.

"Guda nawa kika mulmula?"

"Talatin da bakwai." Ban ko dubi faifan ba.

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi, da na sami abin ramawa. Cewa ya yi shi ma da daddawa uwarsa ta rene shi, ba ya raina sana'ar. Ya ce amma na kawo wa Allah zanena da kunnuwana, ni kuwa ina kasuwar gobe. Ya ce in zauna a gama sujada, maganar baftisma kuma sai baɗi. Ni ce na ce ba zan zauna ba, daddawata za ta lalace. Na ɗauki kwandona na fita, mutane suna buɗe mini hanya da sauri fiye da yadda ake buɗe wa hakimi. Da ubanku ya dawo gida, ciyawa a gashinsa, na tare shi tun daga zaure.

"Ka san sarai ba ɓera ba ne."

"Shekara nawa ina kwana ɗaki ɗaya da ɓeran nan?"

Ya ɗauki buta ya wuce. Iyakar faɗan da ya taɓa yi mini kan maganar ke nan har ya koma ga Ubangiji.

Washegari na tafi kasuwa raina a ɓace. Maƙwabciyata a rumfa wata dattijuwa ce daga cikin gari, Inna Gambo mai ƙosai, Musulma, mun daɗe tare. Na kwashe labari duka na faɗa mata, ina jiran ta taya ni zagin mutanen mishan. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin gyale. Ana cikin haka aka kira azahar. Mutum huɗu suna tsaye suna jiran ƙosai, mai ya yi zafi daidai, ƙullu yana hannunta. Ta ajiye, ta sauke kasko, ta janye icce, ta ɗauki buta. Biyu daga cikin masu jira suka wuce wajen wata. Kowace ranar kasuwa ina ganinta tana yin haka, kullum ina cewa a raina wannan tsohuwa ba ta san ciniki ba. Da ta dawo na faɗa mata.

"Inna, kin kori mutum biyu."

"Sun tafi da yunwarsu, gobe ma za su ji wata. Ke 'yar nan, ba kin ga tun hantsi nake rage ƙullu ba? Na san lokacin yana zuwa. Ba shi ke faɗo mini ba, ni nake shirya masa. Ke kuwa so kike Allah ya samu kujera ya zauna a bakin turminki sai kin gama."

"To ya zan yi? Daddawa ba ta san Lahadi ba."

"Wa ya ce sai Laraba ake ɗora kalwa?"

"Haka uwata ta yi."

"Uwarki tana da Lahadi?"

Tun daga kasuwa har gida ina juya maganar. Abin da mai bishara da fasto suka kasa sa mini a kai, mai ƙosai ta sa da tambaya ɗaya. In na ɗora Talata, in wanke Laraba, Asabar ta nuna, ta sami rana biyu tana bushewa. Za ku ce wannan ai yaro ma zai gano. Ba don ban iya ƙirga ba ne na kasa gani. Ban so in gani ba ne, don na san abin da zai ci. Duk wadda ta ɗora Talata ba ta da abin kai wa rafi ranar Alhamis.

Na ɗora Talata. Laraba na tafi rafi ni kaɗai, ba waƙa, ba kafaɗar dafawa, aikin da mu takwas muke gamawa kafin rana ta take, na kai la'asar a kansa. Alhamis da yamma Kande ta shigo gidana ba sallama.

"Me muka yi miki?"

"Ba ku yi mini komai ba, Yaya. Rana na sauya."

"Kin bar shan giya da mu, mun yi shiru. Kin bar zuwa wajen yankan kakanni, mun yi shiru. Alhamis ɗin nan ita kaɗai ta rage mana da ke, ita ma kin kai musu."

Na ce ta zo mu koma Laraba gaba ɗaya. Ta ce ba za ta tashi ranar uwarta saboda ƙarfen mota ba. Har damina ta zo ta wuce ba ta taka gidana ba. Na gwada zuwa rafin hannu sake don in taya su, amma mace mai 'ya'ya huɗu da gona ba ta da rana biyu ta ba rafi, kuma in na je hira takan mutu. Wannan shi ne kuɗin abin, kuma ban ce muku bai yi ciwo ba. Har yau in Alhamis ta yi nakan ji ƙafafuna suna neman yashi.

Laraba ta uku ina cikin tattaka, na ji motsi, na waiwaya, sai ga ubanku ya naɗe wando har gwiwa ya shigo cikin kalwa. Namiji a aikin daddawa, ba a taɓa gani ba a ƙasarmu. Bai iya ba, rabin kalwar ya tura wa kifi, masu wucewa da shanu suka tsaya suna kallo. Na ce ya fita yana ba ni kunya. Ya ce shi wanda ya nemi ɓera a gaban fasto ba sauran kunyar da zai ji.

Kada ku ɗauka daga nan na zama waliyyiya. Lahadin farko da na zauna hannu sake ban san inda zan sa hannuwan ba, sai da na zauna a kansu. Ta biyu barci ya kwashe ni, aka ce minsharina ya fi taɓaryar. Malam Ishaya ya ce ba komai, an ci gaba, aƙalla yanzu a cikin coci nake damunsu. Sannu a hankali kunnena ya buɗe. Na kuma ɗora wa kaina wata doka, wadda ba wanda ya sa ni: kowace safiya ba na taɓa murhu sai na karanta ko layi biyu ne, na yi addu'a. Kun sha kukan yunwa a kan wannan doka, ban ba ku haƙuri ba a lokacin, yanzu ma ba zan bayar ba.

Da fasto ya dawo bayan girbi, ya tambaye ni abin da ya faɗa, na mayar masa da wa'azinsa tun daga farko, har da inda ya maimaita kansa. Aka kai mu rafi, daidai wurin da muke tattaka kalwa. Da na fito daga ruwa na hango Kande a tsallake, ta yi kamar itace ta zo nema. Na haura wajenta jiƙe sharkaf. Ta sunsuna ni.

"Sun tsoma ki, amma warin yana nan."

Da wannan muka shirya. Ba ta taɓa karɓar bishara ba, ba ta kuma sauya ranarta ba har ta mutu, ni ma ban sauya tawa ba.

Yanzu ku kuna da ofis, kuna da mota, kowa na tambaya sai ya ce Mama ayyuka sun yi yawa. Ban musa ba. Amma idona bai mutu ba tukuna, kuma har yanzu a kusurwar baya nake zama. Ina ganin hannuwanku a ƙarƙashin benci, fuska tana wajen fasto, babban yatsa yana ta mulmula waya. Rifkatu, da ke nake, ke mai ba da labari. Ni Allah ya ji tausayina ya ba ni sana'a mai wari, aka kama ni tun ina da sauran ƙarfi. Taku ba ta wari, ba kuma wanda zai hau jinka dominku.